Yatsa Huɗu

Tankari ya shigo da kwali a ka,
ɗaure tamau da tsohuwar robar taya.
Daga Kwatano ya zo, in ji shi, kwana tara a hanya.
Ya kwance mini shi a gindin bedin garejinmu,
nan bayan Katako, inda ƙarfe ke mutuwa ya sake tashi.
Baƙar roba guda biyu, kowace da lanƙwasar jinjirin wata.
Gardabu muke cewa, ƴan Kano su ce madigadi.

Ya ce, "Almu, ƙugu za ka yi mata.
Na sa taya mai faɗi a baya, ga ta tana leƙe
kamar diddigen yaron da takalmi ya yi wa kaɗan."

Na ce, "Sai an yanka."
Ya ce, "Yanka."
Na ce, "Ba tsatsa zan cire ba, lafiyayyen ƙarfe ne,
kuma abin da injin ya ci ba ya amayarwa."
Bai tanka ba. Ya shafa bayan motar
irin shafar ragon da aka gama cinikinsa.

Hinsa ya riƙe robar, na bi ta da alli.
Na goge da yawu, na sake.
Shekara ashirin da shida a sana'ar nan,
hannuna bai taɓa yarda da layin farko ba.
Ina ɗora injin, kuran ya ɗauke.
Muka sha shayi har na uku.
Na ce masa, in fasawa ce to yanzu ne,
alli dai ruwa ke wanke shi.
Ya miƙo kofi.

Bayan la'asar wuta ta dawo.
Tartsatsi ya kori kajin maƙwabta,
ƙarfen ya yi kuka ɗaya mai tsawo, ya faɗi.
A bakin yankan na ƙirga shekarunta:
shuɗi a sama, na Tankari,
ƙarƙashinsa fari, na zamanin taksi,
sa'ad da tsohonsa ke jigila daga Wadata zuwa Harobanda,
can ƙasa mastik mai kaurin ƙosai
inda wani amalanke ya taɓa gaishe ta.
Tankari ya ɗauki guntun da zafinsa,
ya naɗe a takardar siminti, ya tura ƙarƙashin kujera.

Na lanƙwashe bakin da guduma, na shafe saboda damina.
Huda tara a dama, kusa tara, ta zauna daram.
Ta hagu ta ce ba da ita ba.
Hinsa ya shanya ta bisa kwanon rufi,
roba ma in ta sha ranar Yamai tana jin magana.

Da muka sauke jak, yara suka kewaye.
Ƴar tsohuwa ta yi ƙugu, ta tsaya ƙafa a buɗe
kamar ɗan kokawa kafin a busa.
Ya ba ni jikka goma, saura biyar sai ƙarshen wata.

Goma da rabi na dare waya ta yi ƙara.
"Almu, ta ƙi shiga gida."
Tsohon da kansa ya gina ƙofar, da awon taksinsa,
yatsa uku ya bari kowane gefe.
Ni na ƙara huɗu.

Na auna taya, na auna ƙarfe, na auna roba.
Wa ya ce mini in auna ƙofa?

Ya ari babbar gudumata tun ran Talata.
Hinsa ya bi ta unguwar jiya da asuba:
ginshiƙin na nan, ko ƙwarzane babu,
gudumar na jingine da shi,
mota a waje, raɓa a kan sabon ƙugunta,
Tankari a ciki, ƙafa ta taga,
yana gadinta da minshari.