Kofi Na Biyu

A Gadarif, bayan kasuwar riɗi,
akwai wani sito mai ƙofar ƙarfe.
Ni ke gadinsa daga lisha har asalatu.
Buhu dubu a bayana, ba mai ko tari,
balle a ce, "Jatau, ka ci abinci kuwa?"

Damina biyu ke nan da Tabawa ta riga mu gidan gaskiya.
Yara kuma abinci ya kai su nesa,
ɗaya Bur Sudan, ɗaya ya haye teku.
Waya takan yi ƙara ran Juma'a, in an tuna.

Hannuna ne bai ji labarin rasuwar ba.
Duk daren da na ɗora shayi a kan gawayi
sai in tarar da kofi biyu a gabana,
na biyun da sukari cokali uku, yadda take so.
In zuba masa ido har ya huce,
har tururuwa ta zo ta'aziyya.

Kaɗaici ba ya sallama.
Shigowa yake ya raba tabarma da ni.
Na ja carbi, ya jira na gama.
Na kunna rediyo, ashe yana jin Larabci,
yana jin Hausa, ba harshen da zai kore shi.

Na kai ƙara wurin Malam Sambo mai ɗinkin buhu.
Bai ko ɗaga kai daga basillarsa ba.
Ya ce, "In ka idar da nafila cikin dare,
ka juya dama ka yi sallama, ka juya hagu,
wa kake gaisarwa? Buhunan?"
Na yi shiru.
Ya ciji zare ya ce, "Kafaɗunka ba kango ba ne,
akwai masu rubutu zaune a kai.
Wanda ka tsaya gabanSa kuma ba Ya gyangyaɗi.
Kai kake gadin riɗi, Shi ke gadinka."

Daren nan na yi sallama a hankali,
kamar mai shiga zauren da ke da manya.
A sujada na faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba,
har da sunan da nake kiranta in ba yara kusa.
Na jiƙa buzu, ban ji kunya ba.
Hawaye ba saɓo ba ne, in baki bai yi ɓari ba.

Ban ce na warke ba.

Sai kaka ta zo da 'yan yankan riɗi.
Wani yaro Bahabashe, Kadir,
yana kwana ƙarƙashin babbar mota, tsallaken titi,
ya yi matashi da takalminsa.
Ba ya jin Hausa, Larabcinsa bai cika tafin hannu ba.
Na dubi kofin, na dube shi.
Na tsallaka.
Ya kurɓa, ya yamutsa fuska don zaƙi,
ya yi dariya, ya shanye tas.

Da asuba, ga shi da ruwa a gwangwani.
Ba na barin ƙofa, ya lura da haka.
Ya tsaya a damana, kafaɗa da kafaɗa.
Na ɗaga murya a Fatiha,
muryar da ta yi tsatsa damina biyu,
da na kai ƙarshe wani ya ce amin.
Saura kaɗan in manta surar da zan ɗora.

Riɗi zai ƙare, Kadir zai koma duwatsunsu, na sani.
Baƙon nan nawa ma yana nan zuwa,
sai dai yanzu bakin ƙofa yake tsayawa,
ya ga tabarmar a cike.

Har gobe kofi biyu nake zubawa.
Na biyun in ɗauka in leƙa titi,
ba a rasa wanda dare ya tsare.
Allah Ka kai ladan kabarin Tabawa,
cokali uku, yadda take so.