Takarda ta Arba'in da Ɗaya

Da asuba nake shiga mota daga Nima,
in sauka Legon kafin rana ta yi ƙarfi.
Aikina a ɗakin adana ganyaye ne:
in kori asu, in sauya takardar da ta mutu,
in liƙe da ƙaro abin da ya ɓalle.
Ɗakin warin kafur yake da tsohon katako.

A kabad na tara akwai wani Bajamushe.
Ba shi ba, hannunsa:
tawada ta koma launin ruwan goro,
haruffa a kwance kamar dawa bayan iska.
Ya bi ayarin fatake ta Kete Karachi
tun kakan kakana na goye a baya,
yana tsinkar ganye yana matsewa tsakanin allo biyu.
Ya ƙirga jijiya, ya auna kara,
ya raba dangi da dangi, wa da ƙane,
ya raɗa wa kowanne suna da Latin,
ba rago, ba wanzami, ba goron suna.

An ce waɗanda ya kai gida, wutar yaƙi ta lashe su.
Waɗannan ne suka tsira.

Takarda ta arba'in da ɗaya:
ganye biyu masu faɗi, sun bushe kamar kilishi,
da fure guda, dunƙule mai tsinke-tsinke.
A ƙasa, da fensir, ya sa "tafaschia",
harshensa ya yi tuntuɓe a kan tafashiyarmu.
Sa'an nan: "in ji mai ɗaukar kayana."
Mai ɗaukar kaya.
Ganye ya sami suna biyu, mutum bai sami ɗaya ba.

Na ɗauki hoto a waya na kai wa Kaka Asabe,
inda take baje saiwoyi a kasuwar Mamobi
tsakanin mai koko da mai gyaran rediyo.
Ta nisanta wayar, ta matso da ita,
ta yi dariya har goro ya faɗo daga bakinta.
"Ganye aka ba shi? Ɗan dakon nan ba wawa ba ne.
Ƙarfinta na ƙasa, Lantana. Saiwa ce, rawaya, mai ɗaci.
Ya miƙa wa baƙo riga, ya riƙe mai rigar."

Washegari na bi kwanakin da ke jikin takardun.
Arba'in, arba'in da ɗaya, arba'in da biyu,
kullum ta Allah,
sai shiru na kwana goma sha tara.
A ta arba'in da uku hannun na rawa,
tawada ta ɗiga har sau biyu,
da wata kalma a gefe da na kasa karantawa.
Dokta Amponsah ya ɗaga tabarau ya ce: zazzaɓi.
Kafin ta hamsin hannun ya miƙe,
ya koma ƙirga gashin bayan ganye
kamar ba shi ya leƙa kabari ba.

Wa ya haƙa? Wa ya hura wuta?
Wa ya tallafi ƙeyar Bature ya ɗura masa ɗaci
yana faɗa masa da Hausa, haɗiye, haɗiye?
Takarda ba ta ce ba.
Ko kuwa kwalbar kunin ce ta yi aikinta,
ni ce nake neman dangi inda babu?

Ba a rubutu a kan tsohuwar takarda, doka ce.
Amma akwai 'yan guntaye farare
da masana ke liƙawa in sun yi gyara.
Na zari ɗaya bayan an tashi.
Na rubuta: Saiwa. A tafasa.
In ji Asabe, Mamobi, Ankara.
A ƙasa na ja layi ɗaya, na bar shi fayau,
ko wata rana jikan ɗan dako zai shigo neman aiki.

Na ƙara kafur, na tura kabad ya rufu.
A tasha kwandasta na ta kiran Nima, Nima,
yatsuna biyu na danƙo da ƙaro.