Takardar da Ba a San Hatiminta Ba

A Birnin Kebbi mai ɗaukar aiki ya juya takardata,
ya ɗaga ta sama kamar kuɗin jabu.
"Falsafa? A waccan 'yar makarantar fastocin?
Ai wa'azi ne aka sa wa tabarau."
Fanka na ta juya zafi a kanmu. Na yi shiru.

A gida ma ba mu tsira ba.
Dattawan ikilisiya a Zuru cewa suke,
duk yaron da ya shiga ajin Malam Filibus Dudu
zai fito yana neman rasit a wurin Ubangiji.
Gwaggo Rifkatu har azumin kwana uku ta yi mini.
Gaba kura, baya siyaki,
mu bakwai a tsakiya da biro ɗaiɗai.

Ban gaya wa mutumin ba
cewa ɗakin karatunmu kabad ne guda,
gara ta cinye ƙarshen littafin mantiƙi,
dole muka kai kanmu ga kammalawa.
Cewa in ruwa ya sauko daga duwatsu
kwanon rufi ya fi malam murya,
sai ya rubuta tambaya a allo, ya ja bokiti ƙarƙashin yoyo,
ya zauna yana jiranmu.
In ka ce "An ce," ya ce, "Wa ya ce?"
In ka ce "A rubuce yake," ya ce, "Madalla.
Me ka fahimta?"

Ban gaya masa zancen Litinin ɗin nan ba.
Ranar Juma'a aka tare motar kasuwa a hanyar Ribah,
ɗansa Barnaba na gidan gaba.
Asabar muka rufe shi.
Litinin, ƙarfe takwas, sai ga keken malam a gindin ɗorawa.
Darasin da jadawali ya ajiye:
in Allah nagari ne, mai iko kuma, daga ina mugunta?

Muka ce, Malam, a ɗaga.
Ya ce a'a.
Ya jero hujjar masu musu ɗaya bayan ɗaya,
bai rage mata mudu ba, bai sa yatsa a sikeli ba,
har ta tsaya da ƙafarta, ta fi shi tsawo.
Alli ya karye sau biyu.
Talatu ta ce, "To ina amsar?"
Ya daɗe yana kallon tagar da ba gilashi.
"Yau ba ni da ita.
Wanda ya samu kafin ni, ya san gidana."
Sannan ya ce mu yi addu'a,
muryarsa ba ta kai amin ba.

Mai ɗaukar aiki ya turo mini takardata da ɗan yatsa.
"A nan sai wadda aka sani."
Na naɗe ta, na sa a aljihun gaba.
Motar Zuru saura mutum biyu,
na zauna kusa da buhun albasa
ina ta juya tambayar, shekara tara ke nan.