Farin Zare a Kofin Ruwa

Kawu Gwadabe ya zo da tumatir guda, har da saiwarsa,
a cikin ledar burodi,
tun daga lambunsa na Ojo, bas uku, zuwa Yaba.
Ya ce: shekaranjiya lafiyarsa lau.
Ganye kore shar, ƙasa jiƙe sharkaf,
amma ya langaɓe kamar wanda ƙishirwa ta kayar.
Ke da kike leƙen abin da ido ba ya gani,
wa ya yi mini wannan?

Na yanke karan da reza,
na rataya shi a bakin kofin gilashi.
Muka jira. Janareta yana tari a bayan taga.
Can sai ga farin zare yana sauka cikin ruwan,
siriri, a hankali,
kamar hayaƙin da ya manta hanyar sama.
Na ce: ga su nan, Kawu.

Ba ɗaya ba ne, ba dubu ba.
Kowace ƙwaya da doguwar wasiƙa a cikinta,
gadon kaka da kakanni,
da haruffa huɗu kacal aka rubuta ta.
Shekara shida ina karatun wasiƙar nan,
ban kai rabi ba.

Akwai shafin da ke koya mata ƙera allura.
Takan shiga ta inda fartanya ta ƙwarzani saiwa,
ta soka, ta ɗura wa shuka saƙon ƙarya:
maigadi, koma barci, babu kowa.
Akwai shafin ƙidaya.
Kowace tana sakin ɗan ƙamshi, tana sansanar na 'yan'uwa,
ba ta gaggawa.
Ran da ƙamshin ya yi kauri, sun san sun cika gida,
sai a buɗe shafin yauƙi.
Ka san kwata a Agege in ledojin ruwa sun toshe ta?
Haka jijiyar karan nan take.
Ruwa a ƙasa, ƙishi a sama,
tsakaninsu cunkoson da ba ɗan sandan da zai raba.

Ya ce: shi tumatirin wawa ne?

A'a. Shi ma da tasa wasiƙar.
Wani iri yana gane saƙon da allura ta kawo,
nan take ya cinna wa ɗakin wuta da kansa
don sauran gida ya tsira.
Sai ƙwayar ta sauya harafi guda,
kamar ɓarawon mota ya sauya lamba,
ta wuce ta gaban maigadi yana kallo.
Tun kafin a haƙa rijiyar farko suke wannan.

Na nuna masa tukwane biyu a kan benci.
Wannan an ba shi ƙwaya cikakkiya: ya kwanta.
Wannan, mun yage mata shafin allura:
tana raye, tana ƙiba a faranti,
amma dubi ganyen, ko gezau.

Ya daɗe yana duba.
Ya ce: to ku yage na dukkansu mana.

Na yi dariya, ba ta kai ciki ba.
Na ce: tuge masu ciwon, ka ƙone.
Wanke wuƙarka. Kada ruwan wannan kunya ya bi ta waccan.
Ka ba ƙasar masara shekara uku.

Shekara uku, ya maimaita.
Mai filin ya riga ya sauke bulo a kusurwa.

Ya ninke ledar burodin, ya sa a aljihu.
Kuɗin bas na miƙa, ya ƙi.
Da dare, wuta ta dawo,
na zauna gaban allo, haruffa huɗu suna gangarowa.
Kofin yana nan inda muka bar shi.
Ruwan ya zama fari duka.