Kwanar da Ta Hana Ni Kwana

Shekara talatin da ɗaya ina jan taragon lantarki a Porto,
daga gindin tsohon gari, ta bakin Douro, har inda teku ke shanye kogi,
ban taɓa riƙe sitiyari ba.
Dogo ke zaɓa mini hanya.
Nawa dai ƙararrawa, da birki,
da haƙuri da baƙi masu tsayawa kan layi suna ɗaukar hoto.

Bayan na yi ritaya, jikana Telmo ya shigo da kwali a kafaɗa,
ya ce, "Kaka, ajiye mini, ɗakina na Braga ya yi kaɗan."
Ya ɗaure sitiyari a teburin ɗinkin Odete,
ya tura abin takawa uku ƙarƙashi,
ya haɗa wayoyi, ya sha kofi, ya tafi.
Ajiya aka ba ni.
Allah ya gani, ajiya ce.

Daren farko na ce bari dai in taɓa.
Kafin ƙiftawa da bismilla na rungumi katanga,
sitiyarin ya fizge hannuna
kamar akuyar da ta gane hanyar mahauta.
Na yi ta dariya ni kaɗai,
sai da Dona Graciete ta bene na ƙasa
ta daki rufin ɗakinta da sandar shara.

Tun daga nan na shiga uku da son raina.
Na koyi tuƙi da safa, don tafin ƙafa ya ji birki.
Na san taya mai sanyi ba ta da amana.
Na sayar da sandunan kamun kifina biyu
na sayi fedar da ta fi tauri,
na gaya wa Odete wai kifin ne ya ƙare a kogi.
Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da yanka kabeji.

Akwai wata mota fara-fara, ana ganin titi ta cikinta,
kullum tana gabana da tsawon hannu.
Telmo ya ce ni ne, ni na ranar Talata,
ranar da na fi kowace rana gudu.
To ga ni, ɗan shekara sittin da takwas,
ina bin fatalwar kaina ƙarfe uku na dare
saboda sulusin daƙiƙa.

Kwana ta bakwai ce matsalar.
Tana ɓuya bayan gangara, ta hagu, makauniya.
In na taka birki da wuri, wani likitan haƙori daga Osaka ya wuce ni.
In na makara, tsakuwa.
Na zagaye ta ya fi sau dubu biyu,
tana nan yadda take,
ni ne kafaɗata ke ƙara.

Jiya na hau tsohon taragona a matsayin fasinja.
Wajen cocin Massarelos na ji ƙafata ta dama
tana danna katakon ƙasa da ƙarfi,
wai ya yi sauri.
Yarinyar da ke ja ta hango ni ta madubi, ta gane ni,
ta buga mini ƙararrawa sau biyu.
Na cire hula, kunya ta rufe ni,
ban san ta mece ce ba.

Miya ta huce a kan tebur, karo na uku a mako.
Odete ta ce keken ɗinkinta na gaishe ni daga ƙarƙashin gado.
Ta ƙara da cewa, tana kashe fitilar falo,
rabon da ta ji ina zagi da farin ciki haka
tun muna saurayi da budurwa.

Ɗazu Telmo ya bugo waya.
Ya samu babban ɗaki, Asabar zai zo ɗaukar kayansa.
Na ce, "To, madalla,"
na ajiye waya, na cire takalmi.
Kwana huɗu suka rage mini,
da wata kwana guda,
ta bakwai.