Tabon Magagari

Bayan sadakar arba'in muka kwance ɗakin Baba a Alkaleri.
Ƙarƙashin gadon ƙarfe na jawo ta,
naɗe cikin bargo mai warin man kaɗe.
Baki biyu. Ƙota ja kamar ɓarin goro.
A jikin ƙarfenta agwagi uku suna tashi daga fadama,
zanen wani maƙeri na bayan teku
da ƙasa ta daɗe da rufe masa ido.

Malamin rabo ya ce a yi mata kuɗi,
mu tara ne, ga tumunin Inna.
Sai na kira Maikano daga Wunti,
mai sayen takubba da aninai da agogon da suka daina bugawa.
Ya karya ta a gwiwa, ya leƙa rana ta cikin bakinta,
ya ce, "Irin wannan, a Jos,
akwai mai ba da kuɗin fuloti bai yi ciniki ba."
Yayana Barau har ya fara lissafin kwanon rufi.

Sannan babban yatsansa ya zame ƙasan kunama,
ya tsaya.

Wuri ne ɗan kaɗan, bai kai faɗin farce biyu ba,
sumul, fari, kamar goshin da aka aske.
Nan lamba take zama.
Wani ya zauna da magagari, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya,
da haƙurin mai sussukar gero.

Maikano ya ajiye ta a tabarma
yadda ake ajiye jaririn da ba naka ba.
Ya goge hannu a riga.
"Ban gan ta ba," ya ce, "ku ma ba ku gan ni ba."
Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Lauya Talatu, 'yar ƙanwar Inna, a waya ta gaya min:
"Lamba ita ce sunan yanka.
Ba suna, ba lasisi. Ba lasisi, kai da ɗan fashi
benci ɗaya za ku zauna a kotu.
Alƙali ba zai tambayi agwagin ba.
Kada ka sa ta a mota, akwai shinge kafin Dindima.
Kada ka binne, ƙasa tana amai.
Ka jira ni, mu kai ta da rana, da takarda."

Da dare na tambayi Inna.
Ta daɗe tana jan carbi.
"Ubanku gwanki ya harba da ita, da gada,
kafin a hana shiga daji.
Wata shekara wani ya are ta kwana uku.
Ta dawo da wannan tabon.
Tun ranar bai sake ɗora ta a kafaɗa ba,
bai kuma sake cin tuwo da mutumin ba."
Na ce wane ne?
Ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Je ka kwanta."

Ban kwanta ba.
Na zauna da fitila ina shafa wurin,
ko yatsa zai karanto abin da ido ya kasa.
Shekara talatin Baba yana shafa mata mai,
yana kwana a kan abin da bai iya sayarwa,
bai iya yarwa,
bai iya faɗa.

Ran Litinin muka kai ta caji ofis.
Kofur ya buɗe babban littafi, ya ja layi,
ya rubuta iri, ya rubuta baki biyu,
ya zo gurbin lamba, biro ya tsaya a sama.
Ya dube ni. Na dubi Talatu.
Ya rubuta: babu.

Barau har yau bai gaishe ni da kyau ba.
Bargon ne ya zo a rabona.
Na wanke shi sau uku,
warin man bai fita ba.