Ɗan Aike

Ƙarfe biyun rana a Garwa,
kwalta na kama takalmi a hanyar Yelwa.
Na jingine babur, na hau benen asibiti,
ɗakin na'urori ya fi waje ƙuna.

Astajam ungozoma ta biyo ni, rajista a hammata:
"Tun shekaranjiya kwamfutar ɗakin haihuwa ta ƙi.
Jarirai goma sha ɗaya,
duk a bayan takardar magani na rubuta su,
ko ɗaya bai shiga ba. Ka ji magana."

Na duba. Ba mutuwa ta yi ba.
Kuka take, irin na wanda ya sauka tasha da tsakar dare:
wa zai ba ni adireshi? Wa zai ba ni?
Sai dai kukan iyakarsa unguwarta.
Ni da hannuna na ja katangun bara,
kantin magani daban, ɗakin awo daban, masu karɓar kuɗi daban,
don kada wani ya leƙa tukunyar wani.
Mai rabon adireshi kuwa yana can ƙasa, unguwa ta goma,
ko tari bai ji ba.
Da jira ya ishe ta,
sai ta laƙaba wa kanta ɗari da sittin da tara,
lambar da ba mai kira, ba mai amsawa.
Wa ya taɓa yanka wa kansa ragon suna?

Na soka shuɗin kebul a kunnen suwic,
baƙin allo ya buɗe, ɗigo na ƙifta mini ido.
Na tsaya a ƙofar unguwa ta talatin,
na ce: daga yau kai ne ɗan aike.
In ka ji baƙo na kuka, kada ka tsaya kallo.
Ɗauki kukan, buga masa hatiminka
don a san ƙofar da ya fito,
ka miƙa shi hannu da hannu ga na ƙasa,
ka dawo da amsa.
Layi ɗaya tak. Lamba huɗu, ɗigo uku tsakani.
Shi ne ya hana baiwar Allah sakat kwana da kwana.

Sai ga ciniki ya faɗa, kamar a kasuwa:
kuka, tayi, "ina so", "na sallama".
Aro ne, na kwana takwas,
amma ai duk mai adireshi a duniya aro ya ci.
Astajam ta ja kujera ta zauna.

Jariri na uku take shigarwa
wuta ta tafi.
Janareto ya yi kaki, ya tashi,
fitilun suwic suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kore, kore,
kwamfuta ta sake buɗe baki:
wa zai ba ni?
Shiru.
Ɗan aikena ya manta ni sarai.
Na faɗa masa, ban ce ya adana ba.
Abin da aka ba iska ajiya, wa zai tuna?

Ta dube ni ta saman tabarau,
ta ɗaga takardun maganinta, ta kaɗa su:
"Ɗan nan, ni ko da na rasa allo, na rubuta."

Na sake buga layin, yatsuna da gumi.
Na adana. Na sake adanawa.
Ta ƙarƙashin bene wani sabon kuka ya taso,
na sha biyu.
Ta tashi da gudu, ta bar mini rajista,
shi ma ga shi ya iso, yana neman suna.